Kuɗin ruwa ya sauka amma gida bai yi araha ba: yadda kasuwar gidaje take juyawa

A shekarar 2024 manyan bankunan ƙasashe masu arziki suka fara rage kuɗin ruwa, bayan sun shafe kusan shekara biyu suna ɗaga shi don yaƙi da hauhawar farashi. Babban Bankin Turai ya rage a watan Yuni, na Ingila a watan Agusta, na Amurka a watan Satumba. Waɗanda suka daɗe suna tara kuɗin sayen gida sun ji labarin, sun ɗauka sauƙi ya zo. Sai aka ga akasin haka a wasu wuraren. A Amurka, ruwan da bankuna ke ɗora wa bashin gida ƙaruwa ya yi bayan ragin, daga kusan kashi 6 cikin 100 a watan Satumba zuwa kusan kashi 7 a watan Janairun 2025. Masu neman gida suna kukan tsada, masu sayarwa kuma suna kukan gidajensu sun yi kwantai, a gari ɗaya kuma a lokaci ɗaya.

Duka ɓangarorin biyu gaskiya suke faɗa. Kasuwar gidaje tana da ɗabi'ar da ta sha bamban da ta sauran kayayyaki. Idan ta fara sanyi, yawan cinikin da ke faɗawa ne ke fara raguwa, gidaje su daɗe a hannun dillalai. Farashi sai daga baya yake motsi, bayan watanni ko shekaru, wani lokaci ma ba ya sauka a lamba ko kaɗan, hauhawar farashi ce ke zaizaye shi sannu a hankali. Duk wanda bai riƙe wannan jeri ba, labaran kasuwa za su yi ta rikita shi.

Kalmomin da ake yawan ji

Farashin gida iri biyu ne, kuma rahotanni sukan cakuɗa su. Akwai kuɗin da mai gida ya yanka ya ba dillali, akwai kuma kuɗin da aka sallama bayan an sha tayi da albarka. Na biyun ne ke nuna halin da kasuwa take ciki. Idan kasuwa tana ci, tazarar da ke tsakanin biyun takan ƙanƙance, har masu saye su riƙa yi wa juna ƙari a kan abin da aka yanka. Idan ta yi sanyi sai tazarar ta buɗe.

A ƙasashen da ake tattara alƙaluma, dillalai suna da ma'aunin gane wanda kasuwa take hannunsa. Sukan ɗauki adadin gidajen da ke jiran mai saye su raba da adadin da ake sayarwa duk wata. In amsar ta kai kimanin wata shida, ana ɗauka an yi kunnen doki. In ta yi ƙasa da haka sosai, mai sayarwa ne ke da ta cewa. In ta haura, mai saye ne ke zaɓe yana ja da baya.

Bashin jinginar gida kuwa shi ne banki ya biya mafi yawan kuɗin gidan, mai saye ya ba da kafin alƙalami daga aljihunsa, sau da yawa kashi 10 zuwa 20 cikin 100, sannan ya riƙa biyan sauran wata-wata tsawon shekara 20 ko 30. Gidan shi ne jingina, in ya kasa biya a ƙwace a yi gwanjonsa. Ruwan wannan bashi ko dai tsayayye ne, wanda aka yanke tun ranar farko, ko kuma mai bin kasuwa, wanda ke hawa da sauka. Wannan bambanci shi ne ya raba makomar ƙasashe da dama a shekarun nan, kamar yadda za a gani a gaba.

Sai bambanci tsakanin farashin lamba da ainihin daraja. In gida ya tashi daga 100 zuwa 110 a shekarar da kayan masarufi suka ƙaru da kashi 25, mai gidan ya rasa kimanin kashi 12 na darajar dukiyarsa, duk da cewa a takarda riba ya ci.

Lissafin ƙarshen wata

Mai sayen gida da bashi abin da za a riƙa cire masa daga albashi duk wata yake dubawa, fiye da jimillar kuɗin gidan. A ɗauki bashin 100,000 a kowane irin kuɗi, na shekara 30. In ruwa kashi 3 ne, biyan wata zai kama kusan 422. In ruwan ya koma kashi 7, biyan wata zai zama kusan 665, ƙarin da ya doshi kashi 58, alhali gidan bai ƙara ko ɗaki ɗaya ba. A juya lissafin: mutumin da ƙarfinsa bai wuce 422 a wata ba, a ruwa kashi 7 bashin da zai iya ɗauka bai fi 63,000 da 'yan kai ba. Sama da kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin sayensa ya tafi ba tare da an taɓa albashinsa ba.

Abin da ya faru ke nan a zahiri. Lokacin annobar korona a 2020 manyan bankuna sun mayar da ruwa kusan sifiri. Alƙaluman kamfanin Freddie Mac, mai hada-hadar bashin gidaje, sun nuna ruwan bashin gida na shekara 30 a Amurka ya sauka zuwa kashi 2.65 a watan Janairun 2021, mafi ƙanƙanta tun da aka fara lissafi. Mutane sun yi tururuwar saye, farashi ya tashi. Da hauhawar farashi ta kunno kai aka juya akala. Bankin Ingila ya ɗaga nasa ruwan daga kashi 0.1 a ƙarshen 2021 zuwa kashi 5.25 a watan Agustan 2023, kuma a watan Oktoban wannan shekarar ruwan bashin gida a Amurka ya kai kashi 7.79.

To me ya sa ragin 2024 bai sauko da shi ba? Babban banki ruwan bashin gajeren zango yake yankewa, irin wanda bankuna ke ba juna na kwana ɗaya. Bashin shekara 30 kuwa yana bin ribar takardun lamunin gwamnati masu dogon zango ne, musamman na shekara 10, kuma masu zuba jari ne ke yanke wa waɗannan farashi bisa hasashensu na hauhawar farashi da yawan bashin da gwamnati za ta ci. In sun tsorata, ruwan gida zai hau ko da babban banki yana ragewa. Birtaniya ta ga haka ƙarara: ranar 23 ga Satumban 2022 ministan kuɗi Kwasi Kwarteng, a gwamnatin Liz Truss, ya sanar da rage haraji ba tare da ya nuna inda za a cike giɓin ba, cikin 'yan kwanaki bankuna suka janye ɗaruruwan tsare-tsaren bashin gida daga kasuwa.

Masu guje wa ruwa saboda addini ma wannan iska tana kaɗa su. A tsarin murabaha banki ne ke sayen gidan ya sayar wa mutum da riba sananniya, a biya kashi-kashi. A tsarin haɗin gwiwa mai raguwa kuma, banki da mutum su mallaki gidan tare, mutum yana biyan hayar kason banki yana kuma sayensa kaɗan-kaɗan. Ƙulla cinikin ya bambanta da bashin ruwa, amma bankunan Musulunci da yawa suna duba ruwan da ke yawo a kasuwa kafin su yanke ribarsu ko hayarsu, don haka tsadar kuɗi takan iso ga abokan cinikinsu su ma.

Me ya hana farashi sauka

Bisa lissafin da ya gabata, ya kamata a ce farashi ya rushe a ko'ina. Bai rushe ba, kuma dalilan suna wajen masu sayarwa.

Gida ba ya lalacewa don ya kwana bai samu mai saye ba, mai shi kuma yana iya ci gaba da zama a ciki ko ya zuba 'yan haya. Saboda haka in tayi bai yi masa ba, sai ya ce albarka ya jira. Akwai kuma halin ɗan Adam na ƙin sayarwa ƙasa da yadda ya saya, ko ƙasa da yadda maƙwabci ya sayar bara. Masana tattalin arziki biyu, David Genesove da Christopher Mayer, sun bi cinikin gidaje a birnin Boston a shekarun 1990, suka wallafa sakamakon a 2001. Sun gano cewa waɗanda ke fuskantar asara a kan kuɗin da suka saya sukan yanka farashi sama da na sauran masu irin gidansu, kuma gidajensu sun fi daɗewa ba a saya ba.

Dalili na uku ya fi ƙarfi a ƙasashen da ruwa tsayayye ya yi yawa. Ba'amurken da ya kulle bashinsa a kashi 3 a 2021, in ya sayar ya sayi wani gidan a ƙarshen 2023, sabon bashi zai ɗauka a kashi 7. Ko iyali sun ƙaru, ko an samu aiki a wani gari, da yawa sun gwammace su zauna inda suke. Sai ya zamana masu saye sun ragu, gidajen da ake fitarwa kasuwa su ma sun ragu. A Amurka cinikin gidajen da aka taɓa zama a ciki ya faɗi daga sama da miliyan 6 a 2021 zuwa kusan miliyan 4.1 a 2023, mafi ƙaranci tun 1995, amma matsakaicin farashi a wannan shekarar ya kafa sabon tarihi.

Magina ma suna da nasu hannun. Tsadar bashi da ta kori masu saye ita ce ke hana kamfanonin gini fara sabon aiki, ga tsadar siminti da ƙarfe da katako da ladan ma'aikata. Gidan da ba a aza harsashinsa bana ba, ƙarancinsa sai nan da shekara biyu ko uku zai bayyana.

Inda farashi ya karye

Farashi yakan karye ne idan masu gidaje da yawa suka rasa zaɓin jira. A Amurka kafin 2007 an ba mutane masu rauni a samu bashin da ruwansa ke da sauƙi a shekara biyu ko uku na farko, sannan ya yi tsalle. Da wa'adin ya cika suka kasa biya, bankuna suka ƙwace gidaje suka zuba a kasuwa, kowane gwanjo yana jan farashin unguwa ƙasa, wanda hakan ya bar wasu da bashin da ya fi darajar gidansu. Bankin Lehman Brothers ya durƙushe a watan Satumban 2008. Daga 2006 zuwa 2012 farashi a faɗin ƙasar ya sauka da sama da kashi ɗaya cikin huɗu, a biranen Las Vegas da Phoenix kuwa ya zube da fiye da rabi. Ƙasar Ailan ita ma ta rasa kusan rabin farashin gidajenta bayan 2007.

A zagayen 2022, ƙasashen da ruwa mai bin kasuwa ko na gajeren wa'adi ya fi yawa su suka fara jin jiki. A Suwidin da Niyu Zilan ƙarin ruwa ya shiga aljihun masu bashi cikin watanni, kuma farashi ya sauka da sama da kashi 10 a duka biyun.

Na ƙasar Sin salo ne daban. A can an saba mutum ya biya kuɗin gida tun ba a gina shi ba, kamfani kuma ya yi amfani da kuɗin wajen sayen wani fili. Da gwamnati ta sa wa kamfanonin gini iyaka a kan cin bashi a watan Agustan 2020, sarƙar ta tsinke. Kamfanin Evergrande, mai bashin da ya haura dala biliyan 300, ya kasa biya a ƙarshen 2021. A 2022 masu saye a garuruwa da dama suka yi barazanar daina biyan banki saboda gidajen da suka biya sun tsaya ba a kammala ba, kuma a watan Janairun 2024 wata kotu a Hon Kon ta ba da umarnin rushe kamfanin a raba kadarorinsa. Duk inda ake sayar da gida a kan zane, wannan haɗari yana nan: mai saye ya zama mai ba kamfani bashi ba tare da jingina a hannunsa ba.

Kowace unguwa da tata kasuwar

Alƙaluman ƙasa baki ɗaya suna da amfani ga gwamnati da bankuna, amma mai sayen gida ɗaya ba a ƙasa baki ɗaya yake saye ba. Ba a ɗaukar gida daga inda ya yi yawa a kai inda ake nema, shi ya sa gari biyu a ƙasa ɗaya kan yi hannun riga. Ƙidayar gwamnatin Japan ta 2023 ta samu gidaje kusan miliyan 9 da babu kowa a ciki, mafi yawan waɗanda aka yi watsi da su a yankunan da matasa suka bari. A wannan shekarar kuma matsakaicin farashin sabon sashen zama na iyali ɗaya a dogayen benayen tsakiyar Tokyo ya haura yen miliyan 100 a karon farko. A Italiya wasu ƙauyukan Sisili suna sayar da tsofaffin gidaje yuro ɗaya da sharaɗin a gyara, alhali matasa a Milan suna fama da haya. Birnin Austin na jihar Texas a Amurka ya ga tashin gwauron zabi tsakanin 2020 da 2022, aka yi gine-gine da yawa, daga baya farashi da haya suka sauka a daidai lokacin da suke hawa a wasu biranen ƙasar.

Abubuwan da ke motsa unguwa sanannu ne: aikin yi, hanya, makaranta, ruwan sha, tsaro. Wanda ya ƙaru a shekarun nan shi ne haɗarin ambaliya da gobarar daji. A watan Mayun 2023 kamfanin State Farm ya daina karɓar sabuwar inshorar gida a jihar Kalifoniya, kuma inda inshora ta yi wuya, banki ba ya ba da bashi, masu saye su ragu.

Mai son sanin inda unguwarsa ta dosa yana da alamun da suka riga farashi bayyana. Kwana nawa gida ke yi kafin a sallama, in an kwatanta da bara? Gidaje nawa aka rage wa kuɗi bayan an fitar? Shin masu sayarwa sun fara yarda da biya kashi-kashi, ko ɗaukar nauyin gyara? Akwai kuma gwajin haya: a raba kuɗin hayar shekara da farashin gidan. In abin da ya fito ya yi ƙasa ƙwarai da ribar da kuɗin zai samu a ajiya marar haɗari, to farashin ya dogara ne da fatan wani zai zo ya saya da tsada gobe.

Inda ake saye da tsabar kuɗi

A yawancin ƙasashen Afirka da sassan Asiya da Latin Amurka, kaɗan ne ke sayen gida da bashin banki. Mutum fili yake saye, ya yi gini a hankali gwargwadon samu, ko ya biya lakadan. A nan ƙarin ruwa ba ya kai wa kasuwa duka kai tsaye. Hauhawar farashi da faɗuwar darajar kuɗin ƙasa su ne ke jan ragama. Mai kuɗi yana tsoron su narke a banki, sai ya binne su a ƙasa da bulo. A Turkiyya, inda hauhawar farashi ta kai kashi 85.5 a watan Oktoban 2022, an yi rububin sayen gidaje, farashi ya ninka. Da babban bankin ƙasar ya kai ruwa kashi 50 a watan Maris na 2024, lamba ta ci gaba da hawa amma ainihin darajar gidaje ta fara raguwa. A Ajantina kuwa an daɗe da komawa yanka wa gida farashi da dalar Amurka.

Irin wannan kasuwa tana yaudarar mai sayarwa. Yana ganin lamba ta ninka, ya sallama, ya je gina wani ya tarar kuɗin ba za su kai shi linta ba. Ma'aunin da ya fi dacewa da shi shi ne abin da zai ci a sake gina irin gidan a yau, haɗe da kuɗin fili.

Takarda ma tana cikin farashi. Gidan da ba shi da rajistar mallaka, ko wanda magada ba su gama rabo a kansa ba, yakan tafi da arha kuma banki ba ya karɓarsa jingina. Tsarin da Robert Torrens ya kawo a Kudancin Ostiraliya a 1858, inda rajistar gwamnati ita ce hujjar mallaka, ƙasashe da dama sun ɗauke shi don magance sayar da fili ɗaya ga mutum biyu. Ruwanda ta yi rajistar filaye sama da miliyan 10 tsakanin 2009 da 2013. Inda babu irin wannan, lokacin da kasuwa ke ci shi ne lokacin da 'yan damfara suka fi samu, domin mai saye yana gaggawa kada wani ya riga shi.

Dillali da la'adarsa

Sauyin kasuwa ya taɓa har da dillanci. A Amurka an saba mai sayarwa ya biya la'adar kashi 5 zuwa 6, a raba tsakanin dillalinsa da na mai saye. A watan Oktoban 2023 masu taimaka wa alƙali a jihar Missouri suka yanke cewa tsarin ya hana gasa. Ƙungiyar dillalan gidaje ta ƙasar ta amince da biyan dala miliyan 418, kuma daga 17 ga Agustan 2024 sai mai saye ya rattaba hannu da dillalinsa a kan ladansa kafin a fara zagaya da shi. Masu goyon baya sun ce hakan zai sa a riƙa ciniki a kan la'ada. Masu suka sun ce mai sayen gidan farko, wanda da ƙyar ya haɗa kafin alƙalami, shi zai iya ƙarewa ba shi da mai tsaya masa.

Tambayar da ke ƙarƙashin wannan ta shafi kowace kasuwa: dillali wa yake yi wa aiki? Ladansa sai ciniki ya faɗa yake fitowa, kuma ƙarin da zai samu in ya jira tayi mafi tsoka kaɗan ne. Binciken Steven Levitt da Chad Syverson a jihar Illinois ya nuna dillalai sukan bar nasu gidajen a kasuwa kusan kwana 10 fiye da na abokan ciniki, su kuma sayar da su da ƙarin kusan kashi 3.7. Wannan bai rage amfanin dillali na gari ba, wanda ya san unguwa da tarihin kowane gida. Yana nuna dai cewa shawarar "a sallama kawai" tana buƙatar a auna ta da cinikin da aka yi kwanan nan a kusa.

Saɓani a kan magani

Ɓangare ɗaya na masana yana ganin tushen tsada ƙarancin gidaje ne, kuma dokokin tsara birane ne ke hana gini. Sukan kawo misalin Okland a Niyu Zilan, wanda a 2016 ya ba da damar gina gidaje da yawa a fili ɗaya a mafi yawan unguwanninsa, izinin gini kuma ya ƙaru sosai. Masu ja da su suna cewa kamfani gidan masu hali yake ginawa, kuma sauƙin yakan daɗe bai gangaro ga talaka ba.

Ɓangare na biyu yana ɗora laifin a kan masu mayar da gida ma'ajiyar dukiya. Niyu Zilan ta taƙaita wa baƙi sayen gidaje a 2018, Kanada ta kafa irin wannan doka daga farkon 2023, Singafo kuma ta kai harajin da baƙo ke biya kashi 60 a watan Afrilun 2023. Amsar da ake ba su ita ce baƙi kaso kaɗan ne na masu saye a mafi yawan garuruwa, don haka tasirin dokar ba ya wuce wasu unguwanni.

Tallafa wa masu saye, irin shirin da Birtaniya ta fara a 2013, yana da farin jini wajen 'yan siyasa, amma in gidaje ba su ƙaru ba wani ɓangare na tallafin yakan ƙare a cikin farashi. Ƙayyade haya yana kare wanda ke cikin gida, sai dai yakan rage gidajen da ake fitarwa haya. Birnin Balin ya gwada a 2020, kotun tsarin mulkin Jamus ta soke dokar a watan Afrilun 2021 bisa hujjar cewa ba hurumin birnin ba ne. Akwai kuma masu cewa gwamnati ta shiga gini da kanta, kamar Singafo, inda hukumar gidaje da aka kafa a 1960 ta gina gidajen da kusan kashi 80 na mazauna ƙasar ke ciki. Wannan ya yiwu ne saboda mafi yawan filayen ƙasar a hannun gwamnati suke, abin da ba kowace ƙasa ke da shi ba.

Abin da ke ɗaure wa gwamnatoci hannu shi ne araha ga mai nema asara ce ga mai riƙe da gida, kuma a ƙasashe da yawa masu gida sun fi yawa a rumfar zaɓe. Shi ya sa mafi yawan manufofi suke neman farashi ya tsaya cik har albashi ya kamo shi, maimakon ya sauka.

Wa abin zai fi shafa

Mai neman gidan farko shi ya fi shan wahala, domin tsadar bashi da tsadar gida sun haɗu a kansa, kuma hayar da yake biya tana cinye abin da zai tara. Ribar da yake da ita a kasuwa mai sanyi ita ce lokaci: zai iya duba takardu a tsanake, ya kawo masani ya duba gini, ya yi tayi ƙasa. In ya ɗauki ruwa mai bin kasuwa, lissafin da ya dace ya yi shi ne ko zai iya biya in an ƙara kashi 2 ko 3.

Mai sayarwa don ya sayi wani a gari ɗaya, saukar farashi ba ta cika cutar da shi ba, tunda abin da ya rasa a nan zai rage a can. Wanda ke cikin haɗari shi ne mai sayarwa bisa tilas, saboda bashi ko rashin lafiya ko rabon gado. Gidan da aka yanka wa kuɗi fiye da kima yakan daɗe, in ya daɗe kuma masu saye su fara zargin akwai aibi, ƙarshe a sallama ƙasa da abin da za a samu da an yanka daidai tun farko.

'Yan haya sukan ɗauka rikicin masu saye da sayarwa bai shafe su ba. Ya shafe su, domin duk iyalin da suka kasa saye suna nan a layin haya, ga mai gida yana neman ɗora musu ƙarin da banki ko kayan gyara suka yi masa. Birkiloli da kafintoci da masu aikin wuta da leburori kuwa su ke fara ji tun kafin alƙaluma su fito, domin kamfani yakan dakatar da sabon gini watanni kafin ya yarda ya rage farashin wanda ya riga ya gama.